Muna Sayen Jirage, Muna Kyautar da Injiniyoyi

A cikin shekaru goma sha ƴan kai ƙasarmu ta shiga kasuwar kayan sama gadan-gadan. A 2013 an sayo jiragen yaƙi biyu samfurin Su-25 daga Yukren. A farkon 2021 Amurka ta miƙa wa sojojinmu jirgin dakon kaya C-130, ƙirar kamfanin Lockheed. A 2022 jirage marasa matuƙa samfurin Bayraktar TB2 suka iso daga Turkiyya. A watan Nuwamba na 2024 kuma aka sa hannu a Yamai da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan sayen taurarin ɗan'adam uku: na sadarwa, na ɗaukar hoton ƙasa, da na rada. Babu mai hankalin da zai ce ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, wadda ƴan bindiga suka addaba ta Tillaberi da Diffa da bakin iyakar Maraɗi, ba ta buƙatar ido a sama. Amma tun da kuɗin daga aljihun talaka suke fitowa, talaka yana da haƙƙin tambaya: wa ya duba kayan kafin a biya? Wa zai gyara su ranar da suka lalace? Kuma ƴaƴanmu da suka karanci wannan fanni, ina suke?

Amsar tambaya ta uku ita ce mafi sauƙi: da yawansu suna waje. Daga Tanut zuwa Balbeji, kamar sauran sassan ƙasa, idan aka ce ɗan wane ya zama babban injiniya a kamfanin ƙera jirage a Turai ko Amurka, gari kan ɗauka da murna, kuma murnar tana bisa hanya. Fadji Maïna, haifaffiyar Damagaram, wadda ta kammala digirin dakta a Strasbourg a 2016, ta shiga hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, a 2020, inda aka ɗora mata nazarin ruwa da bayanan taurarin ɗan'adam. Kafin ita, Cheick Modibo Diarra na Mali ya yi aiki a kan kumbon Pathfinder da ya sauka a duniyar Mars a 1997. Waɗannan sun isa hujja cewa ƙwaƙwalwar ɗan Sahel ba ta gaza ta kowa ba. Sai dai guɗa ba ta gyara inji. Ya kamata mu san mene ne ainihin wannan aiki, da abin da mai shi zai iya kawo mana, da abin da ba zai taɓa iyawa ba.

Hanyar doguwa ce. A tsarin Faransa, wanda makarantunmu suka gada, yaro sai ya samu bak ta fannin lissafi da kimiyya, ya yi shekara biyu na share fage, ya ci jarrabawar shiga babbar makaranta irin Supaéro ta birnin Tuluz, ya ƙara shekara uku. Bayan haka ya shiga kamfani a matsayin ƙarami, ya yi shekara goma ko fiye yana koyo a ƙarƙashin na gaba da shi, kafin a kira shi babba. Kuma ko ya zama babban, ba ya ƙera jirgi shi kaɗai. Wani zai ƙare rayuwarsa a kan yadda ƙarfen fiffike ke gajiya bayan dubban tashi da sauka. Wani a kan manhajar da ke riƙe jirgi kada ya karkace. Wani a kan zafin da ke cikin inji. Kamfanin Lockheed Martin kaɗai yana da ma'aikata sama da 120,000, kuma cinikinsa na 2023 ya haura dalar Amurka miliyar 67, wato ya ninka duk abin da tattalin arzikin Nijar ya samar a wannan shekara fiye da sau uku. A bayansa akwai dubban ƙananan masana'antu da ke yi masa noti da waya da gilashi. Injiniyan da muke alfahari da shi zare ɗaya ne a cikin wannan saƙa. In ka zare shi ka kawo Yamai ba tare da masaƙa ba, zare ne kurum.

Abin da ya bambanta babban injiniya da ƙarami shi ne sa hannu. Shi ne ke duba lissafin wasu, ya yarda ko ya ƙi, kuma rayukan mutane suna rataye a kan alƙalaminsa. A daren da ya gabaci 28 ga Janairu 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun gargaɗi shugabanninsu cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar kumbon Challenger ba zai jure sanyin da ake ciki ba. Shugabannin suka yi fatali da gargaɗin, aka harba kumbon, ya tarwatse bayan daƙiƙa 73, mutum bakwai suka mutu. Muna roƙon ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi su riƙe wannan labari. Amfanin masani yana cikin ikonsa na cewa a'a. Ƙasar da ta horar da injiniya sannan ta hana shi wannan iko, ta yi asarar kuɗin karatunsa.

Sai kuma batun da ba a cika faɗi ba a wuraren walima: sirri. A Amurka, dokar da ake kira ITAR ta hana a nuna wa baƙo bayanan fasahar makamai ba tare da izinin gwamnati ba, kuma takardar amincewa ta shiga ayyukan sirri, a ƙa'ida, ɗan ƙasa ake ba. Faransa ma tana da nata tsarin tantance duk wanda zai taɓa sirrin tsaro a Dassault ko Thales ko Safran. Ma'ana, ɗanmu ba ya kaiwa ƙololuwa a irin waɗannan kamfanoni sai ya karɓi takardar zama ɗan waccan ƙasa, ya kuma ɗauki alkawarin kame bakinsa har bayan ya bar aiki. Wanda ya karya alkawarin ya san makomarsa. Noshir Gowadia, haifaffen Indiya, wanda ya yi aiki a kan jirgin yaƙin B-2 a kamfanin Northrop, an yanke masa ɗaurin shekara 32 a 2011 bisa laifin sayar wa ƙasar Sin sirri. Saboda haka duk ɗan siyasar da ya hau mumbari ya ce zai kira ƴaƴanmu na waje su zo su ƙera mana jirgin yaƙi, ko dai bai san zancen ba, ko kuwa yana wasa da hankalin jama'a. Zanen jirgi ba ya biyo mutum gida. Abin da ke biyo shi shi ne tarbiyyar aiki: yadda ake rubuta sharuɗɗan kwangila, yadda ake gwada kaya kafin a karɓa, yadda ake lissafa kuɗin gyara na shekara ashirin, yadda ake koyar da na baya. Wannan ba sirrin kowa ba ne, kuma shi ne abin da muka fi rashi.

Ƴan kasuwa sun fi kowa fahimtar wannan. Duk wanda ya taɓa sayen babbar mota a Kwatano ko Lome ya san ba a zuwa sai da makanike amintacce, wanda zai saurari ƙarar inji, ya leƙa ƙarƙashi, ya faɗi gaskiyar farashi. Ya kuma san kuɗin saye somin-taɓi ne, domin taya da mai da kayan gyara su ne ke cinye riba. Haka jirgi yake, har ma ya fi, domin kowane ɓangarensa yana da adadin sa'o'in da zai yi kafin a sauya shi, kuma a wurin maƙerinsa kaɗai ake samun madadinsa. To, gwamnati da wane makanike take zuwa kasuwa?

Ba mu manta da 2020 ba. Binciken da aka gudanar a ma'aikatar tsaro kan kwangilolin shekarun baya ya ƙiyasta, a rahotonsa na farko, cewa ƙasa ta yi asarar kimanin sefa miliyar 76 ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, kuma sayen jirage da gyaransu na cikin abubuwan da aka ambata. Wannan ya faru ne a daidai lokacin da aka kashe sojojinmu da dama a Inates a Disamban 2019 da Shinagodar a Janairun 2020. Kowa ya yi magana a kan rashin amana, kuma gaskiya ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dillali ba ya iya ninka farashin jirgi mai saukar ungulu a gaban kwamitin da ke da injiniyoyi uku da suka san kuɗinsa a kasuwar duniya, waɗanda kuma doka ta ba su kariya idan suka ƙi sa hannu. Albashin irin waɗannan mutane na shekara hamsin bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya salwanta ba.

Ƙasashen da suka fita daga wannan hali ba da sayayya suka fara ba. Barazil ta buɗe makarantar injiniyoyin jirage, ITA, a 1950, ta yi haƙuri shekara goma sha tara, sannan ta kafa kamfanin Embraer a 1969 da ɗaliban da makarantar ta yaye. Jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa a 2021 zanen wannan kamfani ne. Turkiyya ta farga ne bayan Amurka ta hana ta makamai a 1975 saboda rikicin Kubrus; a wannan shekara ta kafa kamfanin Aselsan. Shi kuwa Baykar, mai jiragen TB2 da muka saya, ya fara ne a 1984 a matsayin masana'antar kayan gyaran mota ta iyali, kuma da Selçuk Bayraktar ya baro karatunsa a Amurka a 2007, ya tarar da injinan aiki da ma'aikata da sojojin da ke shirye su gwada abin da ya ƙera. Ko Qian Xuesen, wanda Amurka ta sallama zuwa Sin a 1955, bai zama uban rokokin ƙasarsa ba sai don an ba shi cibiya da ɗalibai da kasafi tun 1956. Tauraron Sin na farko bai tashi ba sai 1970. Maroko ta bi wata hanyar da ta fi kusa da ƙarfinmu: ta fara da haɗa wayoyin lantarkin jirage a kusa da Kasabalanka a 2001, ta buɗe makarantar koyon sana'o'in jirage a 2011, har ta tara kamfanoni fiye da ɗari a wannan fanni.

Maƙwabciyarmu Najeriya darasi ce ta fuska biyu. Ta kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna da makarantar jirage ta Zariya tun 1964, amma riƙon sakainar kashi ya hana su kai inda takwarorinsu na Barazil suka kai. Tauraron sadarwa da Sin ta ƙera mata, wanda aka harba a 2007, ya mutu a 2008, sai a 2011 aka maye gurbinsa. Amma a 2011 ɗin ne kuma aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a Ingila, saboda an sa horar da su cikin sharuɗɗan ciniki. A 2018 kuma sojojin samanta suka ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna. Inda aka rubuta horo a cikin kwangila an samu mutane. Inda aka sayi ƙarfe kurum, ƙarfe aka samu.

Mu ma ba daga babu za mu fara ba. Makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA tana Yamai tun 1963, tana yaye masana zirga-zirgar jirage da yanayi da lantarki domin ƙasashen Afirka da dama. Cibiyar AGRHYMET tana nan tun 1974, tana karanta hotunan taurarin ɗan'adam domin sanin halin damina da makiyaya. Makarantar EMIG ta buɗe a 1990. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram sun samu a 2010. Fiye da duka muna da misalin Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya ƙware a kimiyyar fizik a Faransa, yana da damar zama a can cikin daraja, amma ya dawo ya jagoranci ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, ya ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da hasken rana tun duniya ba ta waye da zancen ba. Ya rasu a 1991. Mun ba jami'a sunansa, amma masana'antar da ya yi mafarki ba mu raya ta ba, ga shi yau faifan sola da ke kan rufin gidajenmu daga waje ake shigo da su. Shekarun tsuke bakin aljihu, da karyewar darajar sefa a 1994, da bashin albashi, da shekarun karatu da aka soke, sun koya wa ɗalibai masu hazaƙa darasi ɗaya: wanda ya samu hanya ya tafi.

Damargu ta ga wannan al'amari da idonta. A Nuwamban 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a yankin Olelewa, cikin gundumar Tanut, mai tace ganga 20,000 a yini, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, kashi 40 na Nijar. Shekara goma sha uku bayan haka, a Maris 2025, gwamnati ta umarci manyan shugabannin kamfanonin mai uku ƴan Sin su bar ƙasar, kuma cikin dalilan da aka bayyana akwai tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa masu aiki iri ɗaya. Can a Agadas, Amurka ta kashe kimanin dalarta miliyan 110 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa, ta kuma fice a Agustan 2024. Titin jirgi ya zauna, masu sanin aikin suka tafi da saninsu. Kayan aro ba ya rufe katara, ko daga Faransa aka aro shi, ko Amurka, ko Sin, ko Rasha. Sauya mai sayarwa bai zama ƴanci ba matuƙar mai saye bai iya karanta takardar farashi ba.

Wani zai ce, me ya haɗa manomin Gangara da kumbo? Abubuwa da yawa. Damargu rumbun gero ce da ke zaune a bakin iyakar noma da kiwo, iyakar da dokar 1961 ta shata, wadda fari da yawan jama'a suka daɗe da turawa. Farar ɗango ta 2004 da yunwar 2005 ba su gushe daga zukatan mutanen wannan yanki ba. Hoton tauraro yana nuna inda ciyawa ta fito da inda tabki ya ƙafe tun kafin makiyayi ya kora garkensa, yana nuna inda aka yi ruwa a hamada wanda fara za ta iya hayayyafa a cikinsa, yana nuna burtalin da gona ta cinye kafin a zare takobi. Ƙaramin jirgi maras matuƙi, irin wanda Aziz Kountché ya haɗa a kamfaninsa na Drone Africa Service a Yamai, ya isa ya auna gonaki ya zana taswirar gari. Kuma ilimin da ke riƙe jirgi a sama shi ne dai ke tayar da famfon sola a kan rijiya mai zurfi. Yaron Gangara da ya iya lissafi yana da amfani a Tuluz, amma ya fi amfani a Tanut. Matsalar ita ce, kafin ya kai aji na ƙarshe a lise sai ya bar ƙauyensu, sau da yawa ba tare da mai riƙo ba, ya zauna a ajin da malamin lissafi ke wuyar samu, bai taɓa ganin ɗakin gwaji ba. Ƴan mata kuwa tun a kwaleji ake rasa mafi yawansu. Wanda ya tsallake duk wannan, sai mu miƙa shi ga wata ƙasa kyauta, mu koma muna sayen aikin hannunsa da tsada.

Don haka muna kira da a yi abubuwa biyar, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ƙasa a cikinsu.

Na farko, kada a ƙara sa hannu kan sayen jirgi ko rada ko tauraro sai an rubuta a cikin kwangila adadin injiniyoyi da makanikai ƴan ƙasa da za a horar, da tsawon horon, da gyaran da za a riƙa yi a gida, da farashin kayan gyara na shekaru masu zuwa. Yarjejeniyar taurari ta 2024 ita ce wurin farawa: jama'a su ji mutum nawa aka tura, daga waɗanne makarantu, kuma ina za a kafa tashar karɓar hotunan.

Na biyu, a kafa kwamitin masana na dindindin da zai duba duk wata babbar sayayyar fasaha, a ba membobinsa kariyar doka, a kuma ajiye ra'ayin wanda ya ƙi amincewa a rubuce, inda masu binciken kuɗin ƙasa za su same shi. Sirrin tsaro ya shafi inda jirgi zai kai hari, bai shafi nawa aka saye shi ba.

Na uku, a gyara matsayin injiniya a aikin gwamnati. Muddin mai sanin aiki ba ya samun ci gaba sai ya bar bita ya koma ofis yana jiran naɗin siyasa, to ba za mu taɓa samun babban injiniya ba, sai dai manyan daraktoci.

Na huɗu, a nemi ƴaƴanmu na waje da abin da za su iya bayarwa ba tare da sun karya dokar inda suke ba: wata ɗaya ko biyu a shekara suna koyarwa a EMIG da Maraɗi da Damagaram, suna duba kundin ɗalibai, suna ba da shawara kan kwangila. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara irin wannan shiri, mai suna TOKTEN, a Turkiyya tun 1977, kuma Mali ta ci moriyarsa a jami'arta. A yi rajistarsu bisa ƙwarewa, ba bisa wanda suka sani ba.

Na biyar ya shafi ƴan kasuwa. Alhazan Damargu da Damagaram da Maraɗi sun gina masallatai sun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka musu da alheri. Muna roƙonsu su ƙara da ɗakin gwaji a kwaleji, da gidan kwanan ɗalibai ƴan ƙauye a Tanut da Balbeji, da ɗaukar nauyin yaro ko yarinya ɗaya mai hazaƙar lissafi har ƙarshen karatu. Kada a manta Baykar daga shagon kayan gyaran mota ya tashi, da jarin iyali.

Nijar ba za ta ƙera jirgin yaƙi a wannan ƙarnin farko na ƴancinta ba, kuma babu abin kunya a faɗin haka. Abin kunya shi ne ƙasa ta kai shekara sittin da ɗoriya tana biyan kuɗin abin da ba ta iya dubawa, tana jiran baƙo ya zo ya kwance mata noti. Abin da ke gabanmu shi ne mu zama masu saye da ido buɗe, masu gyara da hannunsu, masu haɗa ƙananan na'urorin da manomi da makiyayi da soja ke buƙata, sannan a bar na baya su ɗora. Barazil ta jira shekara goma sha tara tsakanin aji da masana'anta. Yaran da suka shiga aji ɗaya bana a Gangara za su kai shekarun aiki cikin wa'adi makamancin wannan, kuma abin da za su tarar ya danganta da abin da aka rubuta a kasafin kuɗi da kwangilolin yau. Magabata sun riga sun gama magana: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.